Yadda Bach Ya Ba Hafsikod Dogon Numfashi

Hafsikod kayan kiɗa ne mai kama da fiyano, sai dai cikinsa daban. Makaɗi na danna maɓalli, sai wani siririn katako ya tashi da ɗan tsinken gashin tsuntsu da aka fere, ya fizgi tsirkiya ya wuce. Yana ɗaga yatsa, katakon ya sauko, ɗan ƙyalle ya kwanta kan tsirkiyar, sauti ya ɗauke. Ko da ƙarfi aka danna ko a hankali, amon kusan ɗaya ne, kuma ba ya jimawa.

Shi ya sa a zamanin Barok aikin hafsikod cikin taron makaɗa rakiya ne, yana baya yana tallafa wa masu goge. Johann Sebastian Bach na Jamus ya jawo shi gaba. A 1719 ya je Barlin ya karɓo wa fadar Köthen sabon hafsikod, kuma a kwanceto na biyar cikin shidan da ya miƙa wa basaraken Brandenburg a 1721, akwai inda kowa ke tsayawa a bar hafsikod shi kaɗai har gaɓar kiɗa 65. Kwanceto kiɗa ne na ba-ni-in-ba-ka: taro ya kawo jigo, gwani ya fita yawo shi ɗaya, taro ya dawo da jigon kamar 'yan amshi.

Abin da ya fi burge ni ya zo ne a Leipzig, inda daga 1729 Bach ya riƙa jagorantar makaɗa a gidan shan kofi na Zimmermann. Ya ɗauko kiɗan da ya rubuta wa goge ya mayar wa hafsikod. Mai son jiki da kwafewa kawai zai yi. Shi kuwa da farko ya sauke kiɗan da mataki ɗaya, daga sautin E zuwa na D, domin maɓallan ba su kai ƙololuwar muryar goge ba. Sannan ya sama wa hannun hagu abin faɗa, tunda goge bai bar masa komai ba. Inda goge ke jan sauti guda ya daɗe, sai ya sa yatsu biyu su riƙa karkarwa tsakanin maɓallai biyu maƙwabta, kunne ya ji kamar numfashi ɗaya ne.

Sauran aikin na makaɗi ne. Tunda ba shi da ikon ƙara amo, lokaci yake sarrafawa: ya ɗan jinkirta sautin da yake so a lura da shi, ko ya buɗe sautuka huɗu ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama maimakon ya buga su tare.