Habaici da Dutse: Gine-ginen Ƙawa a Lambunan Ingila da Ayalan

A ƙarni na 18, mai dukiya a Ingila bai cika ƙasaita ba sai ya kewaye gidansa na karkara da makeken lambu, ya watsa masa gine-ginen da ba a kwana a ciki, ba a ajiya, ba a ibada: hasumiya bisa tudu, kogon da aka haƙa da hannu, har da kangon da tun ranar farko a rushe aka gina shi. Da yawa suna kiran wannan almubazzaranci, kuma da ƙamshin gaskiya a maganarsu. Sai dai a ganina waɗannan gine-gine zance ne, masu su sun faɗi abin da ke ransu ne da dutse.

Lambun Stowe a gundumar Buckinghamshire ya isa shaida. A 1733 mai gidan, Lord Cobham, ya ɓata da firaminista Robert Walpole kan dokar haraji, aka raba shi da rundunar da yake jagoranta. Sai ya koma lambunsa. Mai zanen gine-gine William Kent ya zana masa wani gini mai gurabe 16, kowane gurbi da sassaƙen wani gwarzon ƙasar, irin su Shakespeare da Newton da Sarauniya Elizabeth ta farko. A tsallaken ruwa ga zagayayyen ɗaki na mazan jiya na Girka, Homer da Socrates a cikinsu. Dab da shi kuma aka gina kango, aka ce wannan shi ne halin mutanen zamani, aka tsayar da mutum-mutumi marar kai wanda jama'a suka ɗauka Walpole ne. Baƙon da ya zaga wurin ba ya buƙatar tafinta.

A Ayalan zancen ya sha bamban. Katherine Conolly ta gidan Castletown ta sa an gina doguwar hasumiya a 1740, lokacin yunwa, domin talakawa su samu aikin da za su ci abinci. Shi kuwa Robert Rochfort na gidan Belvedere, katafaren kango ya gina don kawai ya tare wa idonsa gidan ɗan'uwansa da suke gaba.

Yau doka ta rungumi da yawa daga cikinsu. A Ingila ana sa su a rajistar gine-ginen tarihi mai matakai uku, kuma rushe su ko sauya musu kama ba tare da izini ba laifi ne. Nan ne damuwata take. Hana rushewa daban, gyara daban, kuma ginin da ba ya kawo ko sisi shi mai gida ke fara mantawa idan aljihu ya yi sanyi. Ruwa ya shiga ta rufi, saiwa ta tsaga bango, ba wanda ya karya doka.

Stowe ya yi sa'a: ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta National Trust ta karɓi lambun a 1989, kuma wata ƙungiyar, Landmark Trust, na ba da hayar ɗaya daga gine-ginensa ga masu hutu. Amma ba kowace hasumiya ko kango ke hayuwa ba. Gyaransu ma sai gwani, domin maginin da aka ba kangon gangan dole ya bambance tsagar da aka yi da niyya da wadda damina ta yi, ya toshe ta biyu, ya bar ta farko yadda ya same ta.