Haukan cikin littattafanmu, kullum sammu ne?

Duk mai sauraron littattafan Hausa a YouTube, ko mai bin su a WhatsApp kamar matan gidanmu a nan Aujara, ya san ta inda hauka ke shigowa labari. Kishiya ta je wajen boka, an binne laya a bakin ƙofa, washegari amarya ta fito tsakar gida ba ɗankwali tana sambatu. Bayan babi uku malam ya yi ruƙiyya, ta yi atishawa, ta warke sarai. Ban musa sihiri ba. Abin da ya gundure ni shi ne a ce duk taɓin hankali ta ƙofa ɗaya yake shigowa.

Littattafan yaƙi ne suka nuna mini giɓin. A Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, jarumi yana sare abokan gaba ya kwana lafiya lau. Sai a 1982 Bature Gagare ya kawo Mailoma a Ƙarshen Alewa Ƙasa, sojan yaƙin basasa da ya koma ta'addanci da bindiga. A ganina nan ne adabinmu ya fara yarda cewa yaƙi yana biyo mutum har gida.

Daga baya na karanta Regeneration na Pat Barker, na 1991. Asibitin Craiglockhart ne a Scotland a 1917, inda likita Rivers ke jinyar hafsoshin da suka dawo daga fagen daga, wani bakinsa ya rufe, wani ba ya iya haɗiye loma sai ya amayar. Abin tashin hankalin, likitan ya san duk wanda ya warke filin yaƙi za a mayar da shi. Kusa da mu kuwa akwai Fa'iza a Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wadda rikicin Jos ya cinye mahaifinta da ɗan'uwanta, ta koma ko jini ba ta iya gani. Da Turanci aka rubuta shi, ƙanwata ba za ta karanta ba.

Tun 2009 'ya'yanmu ke zuwa Borno da kaki, wasu su dawo ba barci, ƙarar salansar babur ta sa su zabura. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, ga na Dawanau a Kano. Marubuciyar da ta iya tsara lefe akwati goma sha biyu, har da sunan kowace atamfa, ba za ta gaza yini guda a bencin masu jiran likita ba, ta ji abin da iyaye ke faɗa in an tambaye su yaushe ciwon ya fara.