A rumbun wa muke zuba hatsi?

Duk ɗalibin da ya fara ɗan aikin manhaja, shawara guda ake ba shi: ɗora shi a GitHub. Mu ma haka muka yi da jerin kalmomin Hausa da muke tarawa don manhajar gyaran rubutu, wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara. Kyauta ne, kowa yana can, ban musa ba. Sai dai ba wanda ya tambaya ko rumbun na wane ne.

Na Microsoft ne, tun da ya saye shi a 2018 kan dala miliyar 7,5. Kamfanin Amurka kuwa dokar Amurka yake bi. A 2019 masu rubuta manhaja a Iran da Siriya da Kirimiya suka wayi gari an taƙaita musu asusunsu saboda takunkumi. Mu da muka ga 2023 a Nijar, ai ba sai an fassara mana wannan kalma ba. Ko babu siyasa ma rumbu yakan rushe: Google Code ya rufe a 2016.

Abokaina na sashen kwamfuta suna cewa in kwantar da hankalina, wai git yana bar wa kowa cikakken tarihin aikin a na'urarsa. Gaskiya ne, amma rabinta. Kalmomin suna biyo ka, gardamar ba ta biyowa. Mun yi makonni muna jayayya: ƴaƴa za mu rubuta kamar yadda aka koya mana nan, ko 'ya'ya irin na Najeriya? Wanda ya rubuta hwari maimakon fari, kuskure ya yi ko bakin garinsu ne? Duk hujjojin nan suna shafin muhawara na GitHub, ba cikin git ba. In aka rufe ƙofa gobe, kalmomi za su rage mana ba tare da dalilinsu ba. Ni kuwa dalilin nake karantu a kai.

Masu cewa mu kafa namu wurin ajiya, wallahi sun fi ba ni tsoro. Da wace wuta? Wa zai kula da shi ranar da mai shi ya gama lisans ya koma Tawa? Codeberg, na wata ƙungiya a Balin da ba riba take nema ba, ya fi kwanta mini, ko da yake shi ma zanen aro ne.

Yanzu dai duk hukuncin da muka yanke kan wata kalma, sai mu rubuta shi da hujjarsa cikin fayil guda a cikin aikin kansa. Kwafi ɗaya yana Codeberg, ɗaya yana kile USB cikin jakata.