Ɗaliban Kabi, ku gina wasanku a kan ƙasar da yaranmu ke takawa

A 'yan shekarun nan ɗaliban kwamfuta sun fara sauya akalar aikin kammala karatu. Maimakon manhajar rajistar ɗalibai ko ta lissafin albashi da aka saba, sai ka ji wani ya ce shi wasan yara na waya zai ƙera. Na yi murna da haka ƙwarai. A Badariya, kamar sauran unguwannin Birnin Kebbi, yaro kan iya buɗe gem a wayar yayansa tun kafin ya iya haɗa baƙi. Ga mu kuma da Kwalejin Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga ta kimiyya da fasaha a Aliero. Masu wasan suna nan, masu iya ƙera shi ma suna tasowa.

Abin da ke damuna shi ne filin da ake ɗora wasan a kai. Manhajoji irin su Unity da Godot sun sauƙaƙa aiki, kuma intanet cike yake da kayan da wasu suka riga suka zana, kyauta. Ɗalibi da lokaci ya ƙure masa sai ya kwaso itatuwan ƙasashen sanyi, da dusar ƙanƙara, da gidan sarauta irin na Turai, ya jera. Daga nan ya sa wa ɗan wasan hula da babbar riga, ya raɗa masa Musa, ya ce ya yi wasan Hausa. Ni ban yarda ba. Hula ba ta mayar da wasa namu, domin a wasan kwamfuta fili shi ke kafa doka: shi ke faɗa wa yaro inda zai bi, da abin da zai guda, da abin da zai jira.

Ku dubi fadamar gulbin Rima da ke gefen garinmu. Da damina ruwa ya malale, hanyar ƙafa ta ɓace, sai kwalekwale. Ruwa ya janye, laka ta fito, a dasa shinkafa. Da rani a haƙa rijiyar burtsatse a tada injin ban ruwa, inda jiya ake tuƙi yau amalanke ke wucewa. Fili guda ne, amma yana sauya fuska da ƙa'ida bisa ga lokaci. Masu ƙera wasanni a duniya kan sha wahala kafin su ƙirƙiro irin wannan, mu kuwa ga shi a bayan gida. Yaron da zai kai wa mahaifinsa abinci gona a cikin wasa dole ya karanci ruwa, ya san inda laka ke riƙe ƙafa, ya kori tsuntsaye daga shinkafa kafin su gama da ita. Babu bindiga a nan, kuma ba na jin yaro zai gaji da shi da wuri.

Argungu kuwa ta isa a yi wasa goma a kanta. Bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya zo da tsarinsa a shirye. Ana jiran alama, masunta su ruga cikin ruwan Matan Fada da koma da gora, lokaci ƙayyadadde ne, wanda ya fito da kifi mafi girma shi ne gwani. Goran nan abin hawa ne a kan ruwa, kuma ma'ajiyar kifi. Ga wasannin kabanci, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ikon Sarkin Ruwa, da hana kamun kifi a wurin har lokacinsa ya yi. A sa wannan cikin wasa: wanda ya yi gaggawar kama ƙananan kifi, in biki ya zo ya tarar babu giwan ruwa. Yaro zai fahimci dalilin dokar da hannunsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai son tarihi kuma ya shiga gidan tarihi na Kanta ya zana makamai da ganguna da idonsa, ya nemi hotunan ganuwar dutse ta Surame.

Wasu sun riga mu. A 2014 aka fitar da Never Alone, wanda aka ƙera tare da dattawan ƙabilar Inupiyat ta Alaska a Amurka. Ƙanƙara da iskar ƙasarsu su ne ginshiƙin wasan, kuma da harshensu ake ba da labarin. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion. Babu wanda ya ce da su wasanku na ƙauye ne.

To, ƙannena ɗalibai, zangon karatu gajere ne, kada ku ce za ku gina jihar Kebbi gaba ɗaya. Ku ɗauki wuri ɗaya, ko mashaya ce ko lungu guda na kasuwa, ku je da littafi da fensir, ku ɗauki hoto da izinin masu wurin, ku naɗi ƙarar ruwa da kiɗan masunta. Ku zana taswirar a takarda tukuna. Ku tuna da wayar da za a yi wasan a kanta: ƙaramar Android ce mai ƙarancin wuri, caji na wahala, data na tsada. Wasan ya zama marar nauyi, mai aiki ba tare da intanet ba, wanda za a iya turawa ta Xender. Umarni ya zo da murya cikin Hausa, domin da yawa cikin masu wasan ba su fara karatu sosai ba. Kada a cusa tallar caca. In kuma akwai shiga jirgi, ɗan wasan ya sa rigar kariya kafin ya hau, don ba mu manta da jirgin da ya kife da mutane da dama kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021 ba.

Kafin ku kai wa malami, ku nemi izinin iyaye ku miƙa wa yaran unguwa wayar, ku yi shiru ku kalla. Inda suka tsaya suna lalube, nan gyara yake.

Malamanmu masu duba waɗannan ayyuka, roƙona gare ku shi ne ku ware maki na musamman ga ɗalibin da ya taka ƙafa ya je fadama ko Argungu ya zano filinsa da kansa, ko da zanen bai kai kyan wanda aka sauko da shi daga intanet ba.