Waldar Shasi Ba Ta Ƙara wa Mota Birki

Kodjoviakope unguwa ce da ta jingina da iyakar Gana a yammacin Lome. Taku kaɗan mutum zai yi ya shiga Aflao, teku kuma tana kudu da ita. Motar da ke aiki a nan abubuwa biyu ke cin ta: iskar gishiri mai sa tsatsa, da lodin fatake tsakanin kasuwar Asigame da bakin iyaka. Da yawan motocin ma sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome da tsatsarsu, domin a Turai gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Shi ya sa idan ƙasan mota ya fara saki, mai ita kan nufi wurin mai walda, a shimfiɗa mata ƙarfe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ce an ƙarfafa shasi.

Dabarar tana da tushe. Babbar mota da akori-kura irin Toyota Hilux suna zaune ne kan shasi mai siffar tsani, bodi kuma a ɗaure a samansa. Ƙananan motoci ba haka suke ba. Tun da kamfanin Citroën ya fito da Traction Avant a 1934 salon ya yi ta yaɗuwa: bodin ne shasin kansa. Akwai ƙaramin firam a gaba mai riƙe da inji, akwai wani a baya mai riƙe da ƙafafu, tsakaninsu kuwa sai falankin daɓe da ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Idan waɗannan suka gaji, mota sai ta riƙa murɗewa a rami, ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, wani lokaci gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya taɓa shi ba.

A Amurka masu Ford Mustang, musamman ƙirar 1979 zuwa 1993, sun daɗe suna haɗa firam ɗin gaba da na baya da bututun ƙarfe. Sun fi son walda a kan noti, saboda ramin noti yana buɗewa da daɗewa. Amma su burinsu motar ta daina murɗewa idan an taka totur. Ba wanda ya yi aikin don ya ɗora buhun masara goma.

A nan ne matsalar take. Direba yakan karɓi motarsa daga gareji, ya ga bayanta ya daina lotsawa, sai ya ɗauka an ba shi lasisin ƙara lodi. Alhali ƙarfen bai taɓa birki ba, bai taɓa taya ba, bai taɓa boris ba. Duk suna nan a kan nauyin da kamfani ya ƙayyade, har ma an ƙara musu nauyin ƙarfen. A shimfiɗaɗɗen titin bakin teku zuwa iyakar Benin ba lalle abin ya nuna ba. Amma wanda ya kama hanyar arewa, ta Atakpame da Sokode da Kara zuwa Cinkasse, zai haɗu da gangaren tsaunukan Aledjo da Defale, inda birki ke yin zafi har ya daina kamawa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Wani injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya ƙirƙiro tsarin da gaban mota da bayanta ke lanƙwashewa da gangan a haɗari, su shanye bugu, ɗakin fasinja ya tsira. Kamfanin ya sa shi a motocinsa na 1959, yau kuma kusan kowace ƙaramar mota haka take. Mai waldan da ya zarce da ƙarfensa har hancin mota ya toshe wannan hanyar, bugun sai ya wuce kai tsaye zuwa jikin mutane. Motocin zamani kuma ana yin wasu sassansu da ƙarfe na musamman wanda zafin walda ke raunana shi. Tsohuwar Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 tana haƙuri da wutar walda, jikokinta ba su da wannan haƙurin.

Masu waldan da suka san aikinsu suna da ƙa'ida. Suna yanke wurin da tsatsa ta ci su sa sabon falanki kafin komai, domin ƙarfen da aka liƙa a kan ruɓaɓɓen daɓe ado ne kawai. Suna yin waldar mota na tsaye kan tayoyinta a saman rami, don wadda aka liƙe tana rataye a jak za ta sauko a karkace, ta zauna haka har abada. Suna cire batir, su ɗage kafet, su kauce wa bututun mai da na birki. In an gama su shafa fenti mai hana tsatsa, wanda a unguwar da ke shaƙar iskar teku wajibi ne.

Irin wannan aiki gyara ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. Wanda aka yi don a ninka lodi kuwa ganganci ne da rayukan fasinjoji. Ya kamata shugabannin direbobi a tasha, da iyayen gida a gareji, su riƙa faɗa wa mai mota gaskiya tun kafin a kunna injin walda. Mai mota kuma ya buɗe ƙofar direba ko murfin inji, ya nemi ɗan allon da kamfani ya rubuta iyakar nauyi a kai, ya tsaya a wannan adadin ko an yi waldar ko ba a yi ba.