Kiɗan Fada Aikin Taro Ne

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, ko yaron da bai taɓa ganin kotso ido da ido ba zai iya rera maka gindin wata waƙar Musa Ɗanƙwairo ko ta Sa'idu Faru. Waƙoƙin sun zama na kowa, ana jin su a rediyo, a waya, a rumfar mai shayi. Sai dai jin su ta wannan hanya ya sa muna riƙe sunan jagora kaɗai, muna manta cewa kiɗan fada aikin taro ne.

Dubi yadda ake gina waƙar. Jagora ya kafa gindi, 'yan amshi su karɓa. Ya soma ɗan waƙa, ya sake shi a tsakiya, su ƙarasa masa ba tare da an ce musu uffan ba, sannan kowa ya komo gindi a bugu ɗaya. Su ɗin dai su ne makaɗan. Kowanne na rataye da kotsonsa a hammata, yana matsa tsarkiya yana saki, yatsunsa na kan fatar da aka liƙa wa nake don muryar ta yi kauri. Sanƙira kuma yana gefe yana cusa kirari a gurbin da numfashi ya bari. In mutum ɗaya ya yi jinkiri, waƙar ta karye a gaban sarki.

Wannan fahimtar juna ba ta samuwa sai da shekaru. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a ƙungiyar yayansa Abdu Kurna kafin ya zama jagora. Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da irin wannan horo. Bakandamiyar Narambaɗa ma, da za a cire amshinta, rabin nauyinta ya tafi.

A ƙasashen Turai, malamai da 'yan kasuwa na gari kan kafa ƙungiya su riƙa kaɗa sanannun kiɗe-kiɗen Mozart da Beethoven, mutanen unguwa su zo saurare. Da haka kiɗan ya zauna a hannun masu rai. Mu kuwa mun bar namu a kaset, kaset kuwa ba ya koya wa yaro inda zai shigo da amshi.

Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, tana da fada da hawan Sallah, Kebbe ma haka, kuma tsofaffin 'yan amshi ba su ƙare ba tukuna. Ya kamata hakimai da makarantu su haɗa su da samari, a riƙa zama ana koyon kotso da taushi, a fito da tsofaffin waƙoƙin a ƙofar fada ranar Sallah. In waɗannan dattawa suka kwanta dama ba a karɓa ba, babu na'urar da za ta mayar mana da abin da ke hannunsu.