Makirufo da Ɗakin Tayil: Nazari kan Ɗaukar Murya a Gida a Gwarinpa

Muryar Mamman Shata ba don makirufo aka gina ta ba. Murya ce da ta taso a dandali, wadda dole ta keta kalangu, ta keta hayaniyar masu kari da guɗar mata, ta isa kunnen wanda ke tsaye can bayan taro. Haka ta Ɗanƙwairo a gaban kotso, haka ta Barmani Coge a tsakiyar ƙwarya. Da gidan rediyon Kaduna ya soma aiki a 1962, kamfanonin faifai kuma suka riƙa neman mawaƙan Arewa, na'ura ta tarar da waƙar a tsaye da ƙafarta. Aikin makirufo a lokacin shaida ne kawai: a girke shi gaban makaɗa da 'yan amshi, ya kwashi abin da ya samu. Shi ya sa idan ka saurari tsofaffin faifan nan kana jin faɗin wurin da aka yi su, kana jin tazarar da ke tsakanin ubangida da yaransa.

A shekarun 1990 al'amarin ya juya a Kano. Finafinan Hausa sun zo da ƙishirwar waƙa, situdiyo irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyanon Yamaha, daga baya titin gidan Zoo ya cika da ɗakunan ɗaukar sauti. Mawaƙi ya rabu da makaɗinsa. Aka shigar da shi ɗan ƙaramin ɗaki shi kaɗai, da abin ji a kunne, bakinsa bai fi taƙi ɗaya daga makirufo ba. A nan aka haifi muryar da muke ji yau a bakin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker: murya mai taushi, ta kusa da kunne, wadda numfashi ma yana cikin adonta. Wannan murya ba ta rayuwa sai da makirufo, domin shi ne mai saurarenta na farko. Da kwamfuta ta yi araha, manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka shiga hannun matasa, sai situdiyon kansa ya tattara ya koma ɗakin kwana.

Gwarinpa wuri ne da ya dace a duba wannan sabuwar al'ada, saboda a nan abubuwa biyu suka haɗu: matasa masu ɗan abin hannu da za su iya sayen kayan aiki, da kuma gidajen da ba a gina su da tunanin sauti ba ko kaɗan. An kafa rukunin gidajen a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ana kuma lissafa shi cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Yau unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, manyan titunanta sun cika da shaguna da wuraren cin abinci, Keke Napep na kai da komo tun safe har dare. A boskwatocinta, da na maƙwabtanta irin su Dawaki da Kado, masu ɗaukar murya ba mawaƙan soyayya ne kaɗai ba. Akwai sha'irai masu bege, akwai masu karanta littattafan Hausa suna ɗorawa a YouTube, akwai masu waƙar biki da ta siyasa, da masu naɗar talla, da alarammomi matasa da ke son ƙira'arsu ta fita tas. Dukansu tambayarsu ɗaya ce idan za su nufi Banex Plaza a Wuse 2: wane makirufo zan saya da kuɗin da ke hannuna?

Ina ganin yawancinsu suna amsa tambayar da ido ne, alhali aikin kunne ne.

Makirufon da ake ɗaukar murya da su iri biyu ne. Akwai dainamik, irin wanda liman ko mai gabatar da taro ke riƙewa: a cikinsa akwai 'yar fata mai ɗauke da naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu, iskar murya ta motsa ta, motsin ya zama lantarki. Ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma an yi shi ne don a matso kusa da shi. Akwai kuma kondensa, wanda E. C. Wente ya ƙirƙiro a Amurka a 1916: fatarsa siririya ce ƙwarai, ba ta ɗauke da nauyin komai, don haka ƙaramin motsin iska ma yana girgiza ta. Mafi yawan irinsa na situdiyo suna buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48, wadda ake samu daga akwatin da 'yan sana'ar ke kira saunkad, irin su Focusrite Scarlett. Kondensa shi ne wanda ake gani a bidiyon manyan mawaƙa, rataye cikin zobensa, da rariya a gaba. Siffar situdiyo ke nan a idon matashi, ita yake son saye.

Kasuwa ta san da haka. Ta cika shaguna da BM-800, kondensa ɗan Sin mai kai ruwan zinare, wanda ake sayarwa a kwali ɗaya da sandarsa da rariyarsa da sosonsa, a kuɗin da bai kai na takalmi mai kyau ba. A hoto ba shi da makusa. A kunne kuwa, yana da tsiwa a sama, yana da wata shuuu da ba ta yankewa, kuma abin da yake ɗauka bai tsaya ga murya ba.

A nan ne ɗakin Gwarinpa ke shigowa maganar. Ƙasa tayil, bango siminti mai santsi, sama silin na POP, taga gilashi. Babu abu ɗaya mai laushi da zai shanye sauti. Murya na fita ta bugi bango ta dawo cikin ƙiftawar ido, ta shiga makirufo a bayan ta asali, sai a ji mawaƙi kamar yana waƙa a cikin randa. A waje kuma janareta ne, naka ko na maƙwabci, da injin turo ruwa, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, da ruwan damina a kan kwanon rufi daga Afrilu zuwa Oktoba. Kondensa ba ya zaɓe. Da yake ana tsayawa ɗan nesa da shi, kason ɗaki da na titi a cikin abin da ya ɗauka yana ƙaruwa. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: duk lokacin da ka ninka tazarar bakinka da makirufo, ƙarfin muryarka a kansa yana raguwa da kusan desibel 6, ƙarar janareta kuwa tana nan yadda take. Dainamik ba wani sihiri yake da shi na tace hayaniya ba. Abin da yake ba ka shi ne damar kawo leɓe kusa da shi har yatsa biyu, ta yadda murya za ta rinjayi duk wani abu da ke ɗakin. Wannan kaɗai ya isa ya sa Shure SM58, wanda ke kasuwa tun 1966, ko ma Behringer XM8500 da bai kai sulusin kuɗinsa ba, ya fi kondensa mai tsada amfani a boskwatan da janareta ke bayan tagarsa.

Masu son kondensa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Billie Eilish ta naɗi waƙar da ta fito da ita, Ocean Eyes, a ɗakin yayanta Finneas da Audio-Technica AT2020, makirufon wajen dala 100, kuma kundin da suka yi a gida ya kwashe manyan lambobin Grammy a 2020. Gaskiya ne. Sai dai ɗakin nan yana Los Angeles, wuta ba ta ɗaukewa, babu inji a bayan taga. Labarin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Thriller a 1982, inda injiniya Bruce Swedien, da dukan makirufon duniya a gabansa, ya ɗauki mafi yawan muryar Michael Jackson da Shure SM7, wanda dainamik ne. Ya zaɓe shi ne don ya dace da muryar da ke gabansa.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, kuma a wurina shi ne mafi nauyi: Hausa tana da nata buƙatun a gaban makirufo. Haruffan ƙ da ts suna fita da bugu mai kaifi daga maƙogwaro. Harafin f a bakin Bahaushe da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tura guguwar iska kai tsaye, wadda kan buga fatar makirufo ta ce bum. Sh da s da ts suna zaune ne daidai inda kondensa mai araha ya fi ƙara kaifi, shi ya sa wasu waƙoƙin ke soka kunne idan an ƙure sautin waya. Sannan ma'anar kalma a Hausa tana rataye da karin sauti da tsawon wasali. Amsa-kuwwar ɗaki tana cakuɗa ƙarshen kalma da farkon mai bi mata, gajeren wasali ya yi kama da dogo, baitin da aka sha wahalar tsarawa ya zama sai an yi hasashe. Al'ummar da ta saba sauraren waƙa don kalmominta, wadda ke haddace baitocin Aminu Ala ta yi muhawara a kan azancinsu, ba ta yafe wa muryar da ba a jin abin da take faɗa. Maganin wani ɓangare na wannan ba ya cin ko kwabo: a ɗan kautar da makirufo gefen baki yadda iska za ta wuce ta gefensa, a sa rariya, a yanke duk abin da ke ƙasa da hats 80 a manhaja, inda gurnanin inji da na wutar lantarki suka fi taruwa.

Maganar kuɗi kuwa ta yi tsami tun watan Yunin 2023, da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Makirufon dala 100 ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Inda kaya suka yi tsada, jabu kan yi yawa, kuma SM58 na cikin waɗanda aka fi kwaikwayo a duniya. Kwali da tambari duk iri ɗaya, sai an jona a ji muryar ta fito siririya, hannu na taɓa jikinsa ƙara ta cika kunne. Duk wanda aka yi wa tayin sabo fil a rabin kuɗinsa, ya san abin da ake miƙo masa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fage karin maganar na buƙatar gyara: akwai arahar gaskiya, irin ta XM8500 ko Samson Q2U wanda ke shiga kwamfuta kai tsaye ba sai da saunkad ba, akwai kuma arahar da ta ari sunan wani. Ta farko tana aiki shekara da shekaru. Kuma duk mai lissafi ya tuna cewa makirufo rabin kuɗin ne kawai, akwai waya da sanda da abin ji da saunkad a bayansa.

Gyaran ɗaki shi ne inda ƙaramin kuɗi ya fi yin tasiri, shi ne kuma inda aka fi yin sakaci. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, siririn soso ma haka. Gurnanin janareta ta cikin bango da ƙasa yake bi. Abin da ke kashe amsa-kuwwa shi ne kauri da laushi: katifa a jingine a bayan mawaƙi, bargo mai nauyi a rataye, kafet a kan tayil, labule mai kauri, durowar tufafi a buɗe. A bayan mawaƙi na ce, domin makirufon murya gabansa yake ji, kuma abin da ke gabansa shi ne bakinka da bangon da ke bayanka. Wanda ya yi wannan, yana kuma da sola ko inbata da za ta ba shi damar kashe inji da tsakar dare, to shi kondensa irin AT2020 ko Rode NT1 zai yi masa rana, musamman mai ƙira'a ko mai karatun littafi da muryarsa ke ƙasa-ƙasa. Ya dai riƙa mayar da shi cikin kwalinsa, don ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gabar fatarsa ne.

Abin da ke damuna a al'adar nan ya wuce kayan aiki. Idan ɗauka ta fito da datti, sai a rufe ta da Auto-Tune, manhajar nan da ta fito a 1997, a ƙara mata amsa-kuwwar ƙarya har muryar ta nutse. Auto-Tune kansa ba laifi ba ne, ya zama launi a waƙar Hausa ta zamani, akwai masu sarrafa shi da gwaninta. Amma yana daidaita murya ne a kan matakalar fiyano, ya goge ɗan lanƙwasan da ke tsakanin mataki da mataki, wanda a nan ne mawaƙin Hausa ke ajiye shauƙi da karin harshensa. Idan aka matsa shi don ɓoye hayaniyar ɗaki, sai muryoyi goma su fito kamar ta mutum ɗaya. Tsohon mai saurare yakan gane Ɗanmaraya Jos daga kalmar farko, kafin kuntigi ya shigo. Ina so a ce matashin da ke ɗauka a Gwarinpa ma ana iya gane shi haka, kuma hanyar tana farawa ne daga ɗauka mai tsabta wadda ba ta buƙatar a lulluɓe ta.

Amshi ma ya sha wuya. A ɗakin mutum ɗaya, mawaƙi shi ke bayarwa shi ke karɓa, ya naɗi kansa sau uku ya jera, ko a yi amshi sau ɗaya a riƙa liƙa shi bayan kowane baiti. Kunne yana ganewa. Amshin 'yan amshin Shata bai taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba, yana zafi idan waƙa ta yi zafi, yana jan ubangida ya ƙara wuta. Falon gidan Gwarinpa mai kujerun yadi da kafet da labule ya fi boskwata mai tayil dacewa da wannan aikin nesa ba kusa ba. A nan kondensa ɗaya zai yi abin da aka yi shi dominsa: a girke shi a tsakiya, mutum uku ko huɗu su kewaye gabansa da tazarar kamu ɗaya, mai babbar murya ya ɗan ja baya, jagora kuma ya riƙe dainamik ɗinsa a gefe, a yi waƙar daga farko har ƙarshe ba yankewa.